Asusun mata da yunwar damina: nazarin lamarin wani ƙauye a jihar Maraɗi

Wannan nazari ya bi wata ƙungiyar mata ta ƙauye daga 1996 zuwa 2010, a kan matsala guda: hatsi na ƙarewa a gidaje tun kafin sabon gero ya nuna. Ƙauyen misali ne, shi ya sa ba shi da suna. An haɗa shi daga abin da ya saba samun irin waɗannan ƙungiyoyi a kudancin jihar Maraɗi, an kuma daidaita kuɗin asusun yadda lissafi zai fito sarari. Tsarin aikin da abubuwan da suka auku a ƙasar Nijar baki ɗaya kuwa yadda suke aka kawo su.

Asalin matsalar

Ƙauyen na da gidaje wajen 80, ana noman gero, dawa, wake da gyaɗa. Gona iri biyu ce. Akwai gandu, wanda maigida ke riƙe da shi, akwai kuma gamana, ɗan yankin da ake yanka wa mace ta noma wa kanta. Idan an gama kaka, maigida yakan rufe rumbun gandu ya tafi cin rani Katsina ko Kano, ba a buɗe rumbun sai ruwa ya sauka, domin a samu abin ci lokacin noma. Daga Disamba zuwa Mayu, mace ce ke ciyar da kanta da 'ya'yanta, da abin da ta samu a gamana da ribar sana'arta: man gyaɗa da ƙuliƙuli, fura, ƙosai, saƙar tabarma. Da jama'a suka yi yawa gonaki suka tsuke, gamana ce ta fara raguwa.

Tiya ɗaya ta gero na kai kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40 ne. Gida mai mutum takwas na cin tiya biyu a rana, wato buhu guda ba ya wuce kwana 20. Da kaka ana sayar da hatsi da araha saboda haraji, bashi da bukukuwa, a dawo a saye shi da tsada a Yuli da Agusta. Magidancin da rumbunsa ya ƙare a lokacin noman fari yakan bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani don ya samo tiyar yini. Ciyawa ta ci tasa gonar, amfanin bana ya ragu, baɗi kuma rumbun ya ƙare da wuri fiye da na bana.

Kafin 1996: adashi da rumbun tsimi

Mata sun daɗe da adashi. Mata 20 na zubin sefa 100 kowane mako, mai kwasa ta ɗauki sefa 2,000. Yana da amfani wajen haɗa kayan ɗaki, amma bai taɓa yunwar damina ba. Kwasa na zuwa ne bisa layi, wadda ɗanta ya kwanta yau tana iya kasancewa ta goma sha biyar. Kuɗin ba ya zama wuri ɗaya balle ya yi auki. Da zarar bazara ta yi tsanani kuma, waɗanda suka riga suka kwasa su ne ke fara fashin zubi, uwar adashi ta rasa yadda za ta yi da na ƙarshen layi.

An kuma taɓa gwada rumbun tsimi na gari. Wani shirin taimako ya gina ɗaki, ya zuba buhu 50 na gero, aka naɗa kwamitin dattawa. Hatsin bashi ake bayarwa da damina a biya da kaka. 'Yan kwamitin ba su iya hana surukai da 'yan'uwa ba, ba su kuma iya bin su bashin ba. A shekara ta uku ɗakin ya zama wurin ajiye harawa.

1996: kafa asusu

Tsarin da ƙungiyar ta ɗauka shi ne na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarƙashin wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Tushensa adashi ne, sai dai kuɗin na taruwa a akwati ana ba da rance daga ciki, kuma ba a sa ko dala ɗaya daga waje. Wajen 2002 matan da ke cikin tsarin a Nijar sun haura 160,000, a ƙungiyoyi fiye da 5,000, daga baya kuma aka kai shi ƙasashen Afirka da dama.

Mata 30 ne suka fara a ƙauyen. Mai horarwa ta riƙa zuwa kowane mako da farko, ta rage zuwa a hankali, ta janye bayan wata takwas. An zaɓi shugaba, ma'ajiya, magatakardiya da masu ƙirga biyu. Akwatin na ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Yana kwana a ɗakin ma'ajiya, makullan kuma suna hannun wasu mata uku na gidaje daban, babu 'yar kwamiti a cikinsu. Ba a buɗe shi sai a gaban taro.

Zama na tafiya iri ɗaya kowane mako. Shugaba ta tambayi taro nawa aka bari a akwati wancan makon, mata su faɗa da baki, sannan a buɗe a ƙirga a kan tabarma. A kira kowa da sunanta ta ajiye sefa 100, dala ashirin ke nan a ƙirgen kasuwa. Mai makara ta biya tarar dala biyar. Sau ɗaya a mako huɗu ake karɓar biya a ba da sabon rance. Da yake mafi yawansu ba su yi karatun boko ba, littafin a ka yake: kowace mace ita ce shaidar ta kusa da ita a zama, ta riƙe nawa ta ci da ranar biya. Wannan shaida ta fi takarda aiki a wurinsu, domin littafi mace ɗaya ke iya karanta shi, abin da aka faɗa a fili kuwa mata talatin suka ji.

Zubin mako sefa 3,000 ne. A mako 40 ya zama 120,000, da riba da tara ya kai wajen 150,000. Aka raba da kaka, kowace mace ta tashi da sefa 5,000, aka sake sabon zagaye.

1997: maganar kuɗin ruwa

Tsarin ya zo da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan rancen wata guda. Mata shida suka daina cin rance, mazan wasu suka ce riba ce irin wadda addini ya haramta. Masu kare ƙarin sun ce kuɗin ai hannunsu yake komawa ranar rabo, kuma ƙungiyoyi da yawa a yankin a kan haka suka ci gaba. Wannan ƙungiyar ta aika wa liman, aka zo da mafita biyu. Mai neman jari ba a ba ta kuɗi a hannu. Mata biyu su je kasuwa ranar da take ci, su sayo mata buhun gyaɗa ko tunkiyar turka da kuɗin akwati, ƙungiya ta sayar mata a kan farashin da aka yanke tun farko, ta biya zuwa ajali, kuma ko ta makara ba a ƙara mata komai a kai. Rancen rashin lafiya da na rasuwa kuwa abin da aka karɓa shi ake mayarwa. Hanyar ta ƙara wahalar zuwa kasuwa, amma ta dawo da mata shidan, ta kuma rage karkatar da jari zuwa biki, tunda buhun gyaɗa ake miƙawa.

2001: bashin waje

Bayan zagaye biyar ba a taɓa rasa ko sisi ba, sunan ƙungiyar ya kai birni. Wata cibiyar ba da rance ta ba su sefa 600,000 na wata shida, kowace mace 20,000, da sharaɗin idan ɗaya ta gaza sauran su biya. Akwatinsu bai taɓa riƙe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi ba.

Kasuwar ƙauyen ba ta ƙaru ba don jari ya ƙaru. Mata goma suka shiga tuyar ƙuliƙuli lokaci guda, masu saye kuwa su ne dai na jiya. Kuɗin da ya yi yawa a ɗaki ba ya ɓoyuwa: mazaje suka ari wani kaso na taki da kuɗin mota, wani ya tafi a gudummawar biki. Ranar biya ta faɗo a watan Mayu, lokacin da babu mai komai. Aka kwashe akwati aka cike, wasu suka sayar da awaki. Mata takwas suka fita don kunya ko fushi, ba a yi rabo a wannan shekara ba. Waɗanda suka rage suka sa doka: ba a karɓar bashin waje da sunan ƙungiya, kuma ba a ba mace rancen da ya wuce ninki uku na abin da ta zuba.

2004 zuwa 2005: shekarar tsada

A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a arewacin ƙasar noma. Gwamnati ta ƙiyasta giɓin hatsi da ya haura tan 220,000. Farashi ya tashi a Najeriya ma, hatsin da ya saba shigowa daga kudu ya ragu. A Yuli 2005 buhun gero ya kai wajen sefa 30,000 a kasuwanni da dama. Hatsi na nan jibge a rumfunan 'yan kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gwamnati ta fito da na rahusa a sefa 10,000, amma kaɗan ne, wurin sayarwar kuma na da nisa da ƙauyen. Rabon kyauta bai kankama ba sai Agusta. A wannan shekara likitocin ƙungiyar agaji ta MSF (Médecins Sans Frontières) sun yi jinyar dubban yara masu tamowa, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Ƙungiyar, wadda ta koma mata 30, ta yi rabonta a Oktoba 2004 kamar kullum, kuɗin ya ƙare kafin Janairu. A Mayu mata tara kaɗai ke iya zubi. Rancen da ke waje bai dawo ba, domin jarin fura da ƙosai an cinye shi a gida. Farashin dabbobi ya faɗi daidai lokacin da na hatsi ya hau, akuyar da aka ajiye don irin wannan rana ba ta sayen ko rabin buhu. Mata suka koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, da ganyen jiga da tafasa. A Yuni aka daina zama.

Kakar 2005 da daminar 2006: bankin hatsi na farko

Daminar 2005 ta yi kyau. A Oktoba aka dawo da zama da mata 24. A lokacin ƙauyen na da wasu ƙungiyoyi biyu da suka kwaikwayi ta farko, duka ukun suka haɗu suka zama mata 72. Shawarar da aka yanke ita ce a ajiye hatsi, tunda an ga ranar da kuɗi bai yi amfani ba. Kowace mace ta kawo tiya 10 daga nata amfanin, aka samu tiya 720, buhu 18. Aka sayi buhu biyu da kuɗin akwati, suka cika 20. Mai gari ya ba da ɗakin ƙasa, mata suka yaɓe shi, aka sa kwaɗo biyu.

Shekarar farko ta zo da kurakurai huɗu. An buɗe ɗakin a Afrilu da mutane suka fara roƙo, hatsin ya ƙare kafin a yi shuka. An sayar a kan sefa 300 tiya, farashin kaka, don tausayi. Buhu 20 sun ba da tiya 760 maimakon 800, saboda ɓera, gara a buhunan da ke ƙasa, da awon da ake yi da tozo. An kuma ba 'yan'uwa bashi, sefa 30,000 ba su dawo ba. Abin da ya shiga hannu 198,000 ne. A kakar 2006, da buhu ke kan 12,000 da kuɗin ɗauko 500, buhu 15 kawai kuɗin ya saya.

Kakar 2006 zuwa 2009: gyara

Ƙungiyar ta zauna ta sake dokokin, kuma mafi muhimmanci a cikinsu shi ne a riƙa ƙirga jari da buhu. Idan an fara da 20 aka koma 15, an yi asara ko da kuɗin akwati ya fi na bara.

Ga yadda ake yanke farashi. Kuɗin buhu 12,000, ɗauko 500, buhun kansa da igiya da gyaran ɗaki 500, jimla 13,000. A raba da 38, a bar tiya biyu na asara, ya ba da wajen sefa 342. A ɗaga zuwa 375, buhu ya dawo da 14,250, rarar 1,250 ta zama garkuwa idan kakar gaba ta zo da tsada. Ko da hakan, farashin na ƙasa da na kasuwar damina.

Bashi an hana shi gaba ɗaya a ɗakin hatsi. Wadda ba ta da kuɗi ta je akwatin ƙungiyarta ta ci rance, inda ake da shaidu da ranar biya, ta zo ta saya hannu da hannu. Wannan ya kawar da wata matsala da liman ya nuna tun farko, ta ba da gero bashi a karɓi gero da ƙari. Ba a buɗe ɗakin sai shuka ta tsiro an shiga noman fari, kwana biyu a mako, gida ɗaya tiya biyar a mako, farashi ɗaya ga 'yar ƙungiya da wadda ba ta ciki. Kwano ɗaya ake awo da shi wajen saye da sayarwa, a share bakinsa. Kowace kaka kuma mace ta ƙara tiya biyu, wato buhu uku da rabi daga mata 72.

Ajiya ma ta sauya. A shanya geron har ƙwayar ta yi ƙara idan an ciza. A jera itace a ƙasa ya ɗaga buhuna kamar taki guda, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai zagaya ya duba gara. A duba rufi kafin ruwan farko. Wake sun gwada sau ɗaya ƙwari suka cinye, ba su koma ba sai da buhu mai rufi uku ya shigo kasuwa wajen 2008, wanda ake ɗaure ledojinsa biyu na ciki ɗaya bayan ɗaya iska ta ƙare wa ƙwarin. Da waɗannan dokoki ɗakin ya kai buhu 28 a kakar 2008.

A 2007 aka ƙara asusun taimako, sefa 25 a mako daga kowace mace, 1,800 ke nan. Gwamnati ta riga ta ayyana tiyatar haihuwa, awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, abin da ya rage wa iyali shi ne kuɗin amalanke ko mota da abincin mai jinya, kuma a nan ake makara. Da farko kuɗin na cikin akwati, sai wata naƙuda ta zo da tsakar dare ɗaya daga masu makulli ta tafi biki wani gari. Daga nan aka riƙa barin sefa 10,000 a hannun ungozoma, tana kawo su a ƙirga a kowane zama. Daga wannan asusu ake sayen robar famfon gari idan ta cinye, a mayar daga kuɗin da ake karɓa a bakin famfo.

2010: gwaji na biyu

Daminar 2009 ta gaza. Kuɗin da ɗakin ya tara, wajen sefa 400,000, ya tarar da buhu a 17,000 tun da kaka, da ɗawainiya 18,000. Buhu 22 aka samu, gudummawar mata ta kawo biyu kawai, suka zama 24. Gwamnatin soja da ta karɓi mulki a 18 ga Fabrairu 2010 ta amsa cewa akwai yunwa, taimako ya zo da wuri fiye da na 2005.

Ƙungiyar ta rage zubi zuwa sefa 50 tun a Maris, don kada kowa ta ji kunyar zuwa zama. Ta jure roƙon buɗe ɗaki har Yuni. An sayar a 500 tiya, gida ɗaya tiya huɗu, gidaje wajen 60 ke zuwa a mako. Tiya 912 ba su cika mako huɗu ba. Sai dai kuɗin na hannu, don haka aka tura mata uku da amalanke suka sayo buhunan rahusa na gwamnati da sunan ƙungiya, abin da mace ɗaya mai dala ɗari ba za ta iya ba. Wannan ya ƙara mako uku. Asusun taimako ya sayi tiya uku-uku ga tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Ba a fasa zama ko sau ɗaya ba, babu wadda ta fita, kuma a kakar 2010 ɗakin ya koma buhu 26.

Hukunci

Abubuwa uku da suka rushe, wato rumbun dattawa, bashin 2001 da sayarwar 2006, ciwonsu ɗaya ne: dukiya ta fita ba tare da wanda zai iya bin ta ba. A rumbun dattawa hatsin ba na kowa ba ne, don haka babu wanda ya ji zafin ɓatansa. A 2001 kuɗin ya fi ƙarfin kasuwar ƙauyen da ƙarfin shaidar da matan suka saba da ita. A 2006 hatsin nasu ne, amma tausayi ya sa suka ajiye dokar da suke bi a akwati. Abin da ya tsaya shi ne wanda aka gina da zubinsu, aka ƙirga a fili, aka kuma bar shi ya girma daidai da abin da za su iya sa wa ido. Hidimar da suka yi wa gari, daga ɗakin hatsi har kuɗin amalanke, ta yiwu ne saboda shekara goma da suka yi suna koyon riƙon akwati kafin su taɓa ta. Da an kawo musu buhu 50 a 1996, da wuya su fi dattawan.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Tiya huɗu a mako ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na cin gida mai mutum takwas ba, mako bakwai kuma ba damina ba ce. Darajar ɗakin na ga lokacin da ake buɗe shi, makonnin da tiya ɗaya ke hana magidanci barin gonarsa. Gidajen da ba su da ko kuɗin rahusa rabon kyauta ne ya riƙe su a 2010, kuma ƙungiyar mata ba ta da ƙarfin maye gurbin wannan.

Akwai kuma abin da ƙungiyar ba ta warware ba. Gamana na ci gaba da tsukewa, matan da ba su da ita da kuɗin sana'a suke sayen tiya biyun kaka. Wasu magidanta kuma, da suka ga ɗakin mata na da hatsi, sun ƙara jinkirta buɗe rumbun gandu, nauyin ciyarwar da addini da al'ada suka ɗora musu ya ƙara gangarowa kan matan. An kai maganar gaban mai gari da liman sau biyu, a 2008 da 2010, aka yi wa'azi a kanta ranar Juma'a, amma har ƙarshen lokacin da wannan nazari ya duba ba a tsayar da ranar buɗe rumbu da kowa ya yarda da ita ba.